Birki a Ƙafar Dama

Shekarun baya, ina saurayi a Bungudu, ni da abokina ba mu da aiki sai musun babur. Nawa tsoho ne ɗan Ingila, gadon mahaifina, baƙi wuluk, ga nauyi ga ɗigar mai. Nasa sabo dal ɗan Japan, ja, sai sheƙi yake. Kullum ina cika baki cewa nawa ne ƙarfen gaske, shi kuma yana cewa in sayar wa maƙera su yi fartanya. A zuciyata kuwa, wallahi nasa nake so.

Wata rana da hantsi aka aiko daga Tsafe cewa jikin kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi tsanani, sunanta kawai yake kira. Na buga tsohon nan har na jiƙe da gumi, ya ƙi tashi. Inna, mahaifiyar tawa, na tsaye da mayafinta. Abokina ya miƙo min makullinsa.

"Ɗauki wannan. Amma ka kula, birkinsa a ƙafar dama yake, giya a hagu. Naka akasin haka ne."

Na ce, "Ni za ka koya wa babur?"

Na goya Inna, har muka wuce Gusau lafiya lau. Babur ba nauyi, ba jijjiga, ko hannu ban sake masa sosai ba yana ta cin hanya. Muna shan wata kwana sai ga shanu sun cika titi. Ƙafata ta hagu ta taka inda ta saba samun birki, sai ta taka giya. Injin ya yi kururuwa, ƙafar baya ta zame, na ji Inna ta karkace tana shirin suɓucewa. Na damƙe birkin hannu, muka ja ƙasa har gaban wani bijimi, ƙahonsa na kusan taɓa fitila.

Inna ta gyara zama, tana numfashi sama-sama.

"Mi ya faru?"

"Inna, ƙafa na ɓata. Mu jira mota."

"Kawunka ba ya jiran mota. Wace ƙafa ce ta birkin?"

"Ta dama."

"To, mu tafi."

Daga nan har Tsafe hannunta na kan cinyata ta dama. Ta hango akuya, ta buga. Ta hango jaki, ta buga. Ko inuwar bishiya ta gani sai na sha duka.

Mun sami kawu da rai. Ya gane ta, ya riƙe hannunta, kafin la'asar ya cika.

Tun ranar na daina musun wane babur ya fi. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, amma har yau in zan taka birki, ko a mota ne, sai na ji hannunta a cinyata.