Ƙafar Baba a Gindin Mangwaro

Har yau in na tuna yadda aka ɗora wa Mama laifin ƙafar Baba, raina ɓaci yake yi.

Ciwon suga ne ya ci ƙafarsa ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa a wani asibiti a Kafanchan. A danginmu ba a barin gaɓar mutum a hannun baƙi, sai an kai ta gida an binne. Lokacin haƙar citta ne, mazan duk suna gona. Mama ce ta naɗe ƙafar a zaninta, ta shiga mota zuwa garinmu Kwoi, ta sa aka binne ta a gindin mangwaron da ke bayan gidanmu.

Rauni ya warke, amma Baba bai huta ba. Yana zaune sai ya saki ƙara, ya kai hannu inda babu komai, ya ce yatsunsa sun lanƙwashe kamar ana murɗa su da filaya.

Sai ga wan Baba, mutumin da ko lemo bai kai asibiti ba, da bayani cike da baki.

"Kafan bai kwanta da kyau ba," in ji shi. "Mace ne ya bizne. Wa ya san yadda aka jefa shi?"

Shi ke nan magana ta bazu. Matar da ta kwana a ƙasan gadon asibiti tana kwashe fo, ita ce ta zama mai laifi. Har a zumuntar mata ta coci aka fara yi mata kallon gefen ido.

Na mai da Baba asibiti. Wata likitar gashin ƙashi ta ce ba asiri ba ne, ba hauka ba ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta daina sauraron jijiyoyin da aka yanke ba. Ta fito da wani ɗan inji mai batir, bai fi tafin hannu ba. Ana manna wayoyinsa a dungulmin, a kunna, ya riƙa tsikarar jijiyar har zafin ya lafa. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, amma mu gwada. Mama ce ta koyi manna shi.

Ciwon bai tafi ba, amma ya sauka. Baba ya koma cin tuwo, har da tsokanar jikoki. A makon ne kuma wansa ya tara maza suka tone ƙafar, suka jera ƙasusuwan, suka sake binnewa.

Ranar godiya a coci, wan nasa ya karɓi makirfo ya ba da shaida, wai shi ya gyara ɓarnar da aka yi. Aka tafa, aka yi guɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Na zuba wa Baba ido, ina jiran kalma ɗaya tak. Ya sunkuyar da kai, don ba a ƙaryata wa a gaban jama'a. Wannan shirun ya fi ƙona min rai.

Muna hanyar gida ciwon ya taso. Baba ya jingina da bango, ya miƙa wa Mama hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Ina injin?"

"Ka tambayi wanka mana, ba shi ne likita ba?"

Ta faɗa, amma tuni ta durƙusa a ƙasa da ankon cocinta, tana naɗe masa ƙafar wando.