Lambar da Ke Goshin Tuffa

A gidanmu na Azare, tsakanin magariba da isha'i Kaka ke yi mana tatsuniya, a bakin murhu, kafin garwashin tuwo ya mutu. Mahaifiyar Baba ce. Daga Geidam aka kawo ta tun tana budurwa, ba ta sake komawa ba. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kira na.

Duk lokacin da Baba ya dawo daga Kano yakan zo da tuffa, kowace da 'yar takarda manne a jikinta, mai ɗauke da lambobi. Kaka ba ta da haƙoran cin tuffa. Takardar kawai take ɓarewa da farce, ta manna a cikin murfin kwallarta, sannan ta ce mu matso, ga ta nan, ga ta nanku.

Labarin wata 'yar kanya ne da ta faɗa kogi, ruwa ya tafi da ita har kasuwar da ba a jin yarenta. Amma tun tana ɗanya uwarta bishiya ta yi mata shaida a goshi. Da aka shanye ta aka yar da ƙwallon, sai wani tsuntsu ya karanta shaidar, ya ɗauke shi ya kai gindin uwar, a nan ya tsiro.

"Kin ga wannan rubutun, Takwara? Sunan garinsu ne," in ji ta, tana nuna takardar tuffar. "Komai daɗewa za a mai da ta."

Na girma, na karanci aikin gona. A aji aka koya mana lambobin. Idan huɗu ne, an yi noman da takin zamani da maganin ƙwari. Idan biyar ne kuma tara ce a farko, ba a sa su ba. Amfaninsu dai mai kanti ya san irin kayan da ke hannunsa.

Wani hutu na zo na tarar da ita a kwance, ƙafafunta sun kumbura. Ta sa aka ɗauko murfin, ta nuna mini wata takarda da ta koɗe, wadda ba komai a kanta sai lamba, ta ce tunda na yi karatu in faɗa mata wane gari ne. Na san abin da take son ji. Duk da haka na yi mata bayanin aji, dalla-dalla, har da maganin ƙwarin.

"Ba garin a ciki?"

"Babu, Kaka."

Ta ce to. Ta kife murfin a kan tabarma, ta ce in rufa mata zane a ƙafa. Ƙannena sun ce daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniyar kanya ba. A Azare aka binne ta.

Ban yi kuka ba, har yau kuma ban yi ba. Murfin yana wurina. Wani lokaci nakan ɗauko shi in bi lambobin da yatsa, huɗu, huɗu, huɗu, ina karanta su daidai, ba kuskure ko ɗaya. Da na ce mata Geidam, ba wanda zai kama ni da ƙarya. Kalma ɗaya ce, kuma na iya faɗinta.