Kusurwar Gonarmu da Aka Daina Nomawa

Ranar wata Asabar ta ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare, na kai wa babanmu fura gona na tarar da shi tsaye, fartanya a yashe gefe. Gonar tana bayan Ƙofar Durbi, gefenta na gabas ya jingina da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo. Shanun sun faɗa ta nan, sun kwantar da geron da ya riga ya fid da kai, sun tattake waken da Inna ta ɗora wa rai. Gonar nan ita ce cin gidanmu na shekara. Babanmu ko furar bai kalla ba. Washegari ya je wurin maƙera ya dawo da tarkunan ƙarfe masu haƙora, ya bi bakin burtalin yana binne su, yana rufewa da ƙasa da ganye, yana kafa ɗan kara kusa da kowanne don ya gane wurin.

A ɗakin da ke kusa da zaurenmu yayan babanmu yake zaune, tsohon soja, kowa Baba Soja yake ce masa. Mutum ne mai tafiya kai a sunkuye, har mukan yi masa tsiya a bayan ido cewa kwabonsa ya faɗi tun zamanin Turawa yana nema. Mukan yi carafke da 'yar gala-gala a gabansa yana sauraron rediyo, kuma duk nacinmu bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Sai bayan kwana biyu Inna, da abin ya tsaya mata a rai, ta gaya masa zancen tarkunan. Ina tankaɗe a tsakar gida ya kashe rediyon ya kira ƙanen nasa, a gabanmu, abin da bai saba ba.

"Sani, mi ka binne bakin burtali?" Babanmu ya fara lissafa ɓarnar shanu, Baba Soja ya ɗaga masa hannu. "Ni ma na binne irin wanga, nakiya, da hannuna, bisa umarnin manya. Soja muka ɗana ma, mace mai neman itace ta taka. Mu an ce mana yaƙi ya ƙare, ita nakiyar ba wanda ya koma ya gaya mata." Sannan ya tambaye shi ko ya manta da Hansai, 'yar Fulanin da ke bin burtalin kowace safiya ba takalmi, da ƙwaryar nono a ka. Sa'ata ce, kuma ita ke kawo nonon da ake dama furar babanmu. Ni dai sai na ajiye rariyar.

Babanmu mai zafin kai ne amma ba mugu ba ne, kunya ta rufe shi nan take. Sai dai an tafka ruwa a tsakani, kararen da ya kafa duk sun bi ruwa. Shi da Baba Soja suka ɗauki dogayen sanduna suna caccakar ƙasa, kowane tarko ya kama sanda da wata ƙara mai tayar da tsigar jiki, suka tone su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya ƙi fitowa. Babanmu ya rantse a nan ya sa shi, ya dawo ya rantse a can ne. Da neman ya ƙi ƙarewa, Baba Soja ya saro ƙaya ya kewaye kusurwar da ake zaton tarkon yana ciki gaba ɗaya, ya ɗaura jan tsumma, ya taka har ruga ya gaya wa ardo gaskiyar magana ba ɓoye-ɓoye. Kusurwar kuwa ita ce mafi albarka a gonar, don nan ruwa ke gangaro da takin shanu. Muna kallo geronta ya nuna, tsuntsaye suka cinye shi. Baƙin ciki ya ishi Inna, tuwonmu ya ragu a bazarar nan, kuma har na yi aure ba a sake sa fartanya a wurin ba.

Shi ya sa yau in na ji a rediyo ana jayayya kan hana sojoji binne nakiyoyi, wasu na cewa tsaro ba ya yiwuwa sai da su, ba na doguwar gardama. Na ga mutum mai cikakken hankali ya manta inda ya binne abu a gonarsa ta gado, da rana tsaka, ba mai harbinsa. A hana kawai.

Yanzu gari ya cinye gonar, an yanka ta fulotai, burtalin ya zama layi mai shaguna, ba ka jin kukan saniya ko ƙamshin gero. Baba Soja ya daɗe da rasuwa, ina kewar ƙarar rediyonsa a zaure. Babanmu ya tsufa, sunayen jikokinsa ma sai an tuna masa. Amma duk wanda ya je gaishe shi daga unguwar, sai ya riƙe masa hannu ya tambaya ko magina sun tono wani ƙarfe. Har yau ba wanda ya ce masa e.