Sabis ɗin Maraɗi da Akwatina

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma ajin ukun rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina harbin ƙadangaru. Amma akwai shekarar da na zama gwanin intanet na ƙasashe uku a unguwarmu ta Karmo. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina.

Yayata ce mafarin abin. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta yi aure a Maraɗi tun ina ƙarami, can ta tsufa. Kunnenta ya yi nauyi. In ka kira ta a waya sai dai ka yi ta ihu tana cewa "Na'am?" Amma in tana ganin bakinka, ba maganar da za ta wuce ta. Shi ya sa babban ɗana, wanda ke tuƙi a wata ma'aikata cikin gari, ya sayo min wata 'yar na'ura fara mai kama da sabulun wanki, wai waifai. Ran Talata ya kawo ta, ya ɗora a kan taga, ya jona mata wuta, ya nuna min inda zan danna in ga Yaya a wayar surukarta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yana fita na dubi tagar nan. Abu mai daraja haka a bakin taga, a Karmo? Mu yadda muka taso, duk abin da kake so akwatin ƙarfe yake shiga. Nan takardar filina take, nan babbar rigar Sallah, nan takardar sallamata daga aikin gadi. Na samo ƙusa na huda gefen akwatin don igiyar wuta ta shiga, na naɗe na'urar cikin tsohon rawani kada ƙura ta taɓa ta, na rufe, na sa kwaɗo, na tura ƙarƙashin gado. Har na yaba wa kaina.

Juma'a ta zo. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don maƙwabta su shaida, na danna. Sai ga Yaya. Ta buɗe baki za ta gaishe ni, hoton ya daskare a nan, kamar likita ya ce ta nuna masa harshe. Ya motsa, ya sake tsayawa, ya ɗauke.

Maƙwabcina tela ne, mutumin Garwa ta Kamaru, ya fi ni jin rediyo. Ya ce, "Malam, ai abin nan igiya ce ta ƙarƙashin teku take kawo shi. Ku tana fitowa a Legas, mu a Duwala. Su Nijar ba su da teku, sai an bi da ita ta ƙasar wasu kafin ta isa."

Shi ke nan, ya ba ni sandar dukan Nijar. Daga ranar ba majalisar da ban yi wa'azin teku ba. Ina cewa mu ne na ɗaya, Kamaru na bin mu, Nijar kuwa sai abin da ya rage a ƙasan tukunya. Tela ya ce nasu ya fi ƙarfi, namu ya fi araha kawai. Na ce ƙarya ne. Mu yi ta musun tsada, ni da naira shi da sefa, mu tashi ba wanda ya gane na wani. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai a kalanda.

Da musun ya tsaya a majalisa, da ba komai. Amma na kira surukar Yaya na ba ta umarni. Na ce sabis ɗinku ne ba ya kaiwa cikin gida, ku riƙa matsawa kusa da dogon ƙarfen nan na kamfanin waya. Ta ce, "Baba, da nisa fa, kuma gwiwar Inna..." Na ce ai ni na san abin nan, ku dai ku je.

Suka riƙa zuwa. Tun ana zafin bazara har ruwa ya sauka. Hoton bai gyaru ba, ni kuma ban fasa ba. Na ce su ƙara matsawa.

Wata Juma'a maiɗakina za ta je suna a Karu, ta ce in ba ta mukullin akwati ta ɗauki mayafinta na fita. Ta jawo shi tsakar ɗaki, ta watsa kayan ciki tana nema, ta bar murfin a buɗe ta shiga wanka. Ni ina ƙofar gida na danna wayata kamar kullum, na shirya tsakina.

Sai ga Yaya tar, kamar in miƙa hannu in taɓa ta.

Tana zaune a kan wani dutse a bakin titi, ba inuwa. Sandarta na jingine a cinyarta. Ta ɗaure gwiwa ɗaya da tsumma. Gumi na bin wuyanta, tana haki irin na wanda ya yi tafiyar da ta fi ƙarfinsa. Wata da watanni ina kallon hotonta a daskare, ban taɓa ganin yadda ta tsufa ba sai ranar.

"Auta," ta ce, "yau ga bakinka nan ina gani. An gyara mana ke nan?"

Na ce ta dakata. Wani abu ya ɗarsu a raina, na shiga ɗaki da wayar a hannu. Ga na'urar nan ta zame daga rawani tana ƙyafta 'yan fitilunta. Na mai da ita na rufe murfin, na koma ƙofar gida. Yaya ta daskare. Na dawo na buɗe, ta motsa. Sau uku na yi, don ko a aji uku an koya mana a maimaita.

Maiɗakina ta fito ta same ni tsugune gaban akwati. Da na gaya mata, dariya ta yi har da riƙe bango. "Malam, ashe tekun a ƙarƙashin gadonmu yake!"

Ni ban yi dariya ba. Ƙarya ta zo min har bakin harshe, mai sauƙi kuwa. In ce wa Yaya gwamnatinsu ta ja sabuwar igiya, ta yi musu addu'a, girmana ya tsira. Sai dai in na ce haka, Juma'a mai zuwa za ta sake jan ƙafar nan zuwa dutsen, tunda a nan ta ga an dace.

Na kai wayar daidai bakina, na yi magana a hankali yadda za ta karanta. Na ce, "Yaya, ba Nijar ba ce. Ni ne. Na kulle abin a akwati."

Ta tsura min ido har na ɗauka hoton ne ya sake tsayawa. Sannan ta juya ga surukarta ta ce, "Kin ji ko? Tun yana yaro haka yake. An taɓa ba shi ɗan tsako, ya rufe shi a tulu wai kar shaho ya ɗauka." Ta dube ni. "To malamin teku, yanzu in tashi in tafi gida?"

Na ce ta tafi, kuma ta yafe min. Ta ce gwiwar ce zan roƙa, ba ita ba.

Tela kuwa, ni na sanar da shi da kaina tun kafin maiɗakina ta riga ni. Har yau in na buɗe baki a majalisa kan wata ƙasa, sai ya ce, "An duba akwati tukuna?" Wace ƙasa ce ta fi wata sabis a cikin ukun nan, wallahi har yanzu ban sani ba. Na dai lura cewa laifin da ke nesa ya fi daɗin faɗi, don ba sai ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin gadonka ba.

Na'urar tana kan taga, inda yaron ya ajiye ta tun farko. Ba wanda ya sace ta. Yaya kuma daga ɗakinta take kira yanzu, a kan tabarma, ƙafar a miƙe bisa matashi. Wani lokacin hoton yakan tsaya, nasu ne ko namu, oho. In ya tsaya sai in yi shiru in jira, ina kallon fuskarta har ta motsa.