Shekara Uku Ban Gane Haihuwar Tauraro Ba

Shekara uku cur ana koya mini abu ɗaya, kuma duk Juma'a sai in ce ban gane ba. Ba wanda ya yi mamaki a garinmu Gafasa, don sun san tarihin karatuna. Aji biyu na yi a firamare, shi ma na biyun rabinsa a gindin tsamiyar bayan makaranta na yi shi, ina jifa. Abin da ba su sani ba shi ne tun a wata na biyu na gane. Sauran duk ƙarya na yi ta shararawa, da furfurata da komai.

Mai koyarwar 'yata ce, 'yar farina. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Haka muka tarar. Kakata Bafillatanar Toranke ce, ita ta ɗaure mu da wannan kunya, ta rasu ba ta kwance ba. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa furta sunanta ba. In tana kusa in ce "ke", in tana nesa in ce "waccan". Ranar da aka zo da labarin ta fi kowa cin jarrabawa, na ce, "To," na saɓa fartanya na tafi gona. Can na yi dariyata ni kaɗai, har na sare gero biyu ina zaton ciyawa ce. Ranar da ita da mijinta za su tafi ƙasar waje ƙarin karatu, gida duka aka raka ta tashar Gaya. Ni na ce akuyata ba ta da lafiya. Lafiyar akuya lau.

Da ta tafi, sai ta riƙa kiran uwarta duk Juma'a bayan la'asar. Uwar ta fi ni kunyar, amma mata suna da dabara. Sai su shiga maganar daddawa da kuka da wadda ta haihu a unguwa, su yi nisa. In an gama a ce a ba Baba.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ya gona?"

"Da godiya. Ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi."

"To, Allah ya yi albarka."

Shi ke nan rabona na mako. In miƙa waya, in fita ƙofar gida in zauna ina kallon kaji kamar ban taɓa ganin kaza ba.

Wata Juma'a, ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce, "Wai ke me ake koya muku a can da ba a iya koyarwa a Kano?"

Ta ce, "Yadda ake haihuwar taurari, Baba."

Na ce, "Haihuwa? Wace ce ungozomar?"

Sai ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta kusa da kunnena tun tana rarrafe. Ta ce in ba ta hankalina.

Ta ce can sama, a tsakanin taurarin da muke gani, akwai gajimare, amma ba na ruwa ba. Na iska ne da ƙura mai laushi, irin wadda ke tashi a masussuka idan mata suna sheƙa, sai dai faɗinsa ya wuce abin da kai zai ɗauka, ga shi da sanyi fiye da ƙanƙara. A cikinsa wani wuri yakan fi wani kauri. Wurin da ya fi kauri ya fi nauyi, nauyin nan kuma shi ke janyo na kusa da shi, kamar ana cura fura amma babu hannu. Yana ƙara janyowa yana ƙara nauyi, yana juyawa, har abin da ke kewaye da shi ya baje kamar faifai. Na ce to ina wuta ta fito a cikin sanyi? Ta ce in tuna famfon kekena, in na daɗe ina bugawa ba ya ɗaukar zafi? Na ce yana yi. Ta ce matsi ne. Curin nan yana matse kansa, cikinsa yana zafi, shekaru dubbai bisa dubbai, har ranar da tsakiyarsa za ta kama. Duk wannan a ɓoye ake yinsa, ƙura ta rufe, ido ba ya gani. Su ma sai da wata na'ura mai ganin ɗumi suke leƙawa.

Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce, "Shi ne dai, Baba. Mu kallo muke yi muna rubutawa."

Da na miƙa wa uwarta wayar, ta yi zafi kamar famfon keken. Na duba inuwar katanga, na ga ta yi tafiya mai nisa. A nan na gano abin da kakata ba ta hango ba. An hana uba hira da 'yar fari, amma ba wanda ya hana jahili tambayar mai ilimi.

Juma'ar da ta biyo na ce, "Ke, abin nan na ranar nan ya zube. Sake daga farko." Ta sake. Daga nan na mai da shi sana'a. Ina cikin noma ina ƙera tambayar Juma'a. In ƙura ce ke haihuwar tauraro, me ya sa ƙarƙashin gadon uwarki bai haifi ko ɗaya ba? Uwar tana jina daga madafa, ta ce, "Malam, ka fita harkar gadona." Wa ya riƙe faifan? In an zuba wa gajimaren ruwa fa? Wani lokaci in ji ta ja numfashi, ta ce, "Baba, ai makon jiya na faɗa maka." In ce, "Kan tsoho rariya ne." Sai ta sake, da sabon misali. Ta yi da tuwo, ta yi da curin ƙasar gini, ta yi da taron mutane a bakin rijiya. A tsakanin misali da misali nake tsintar abin da nake nema: ta yi mura ta warke, ɗanta ya fara tafiya, rana tana faɗuwa a garinsu tun kafin mu yi la'asar.

Wuri ɗaya ne ban taɓa cewa a maimaita ba. Ta ce idan tauraron ya kama, haskensa da iskar da yake fesowa su ke kore ragowar gajimaren, sai a gan shi a fili. Kuma ba ɗaya ake haifa ba, da yawa ne a gajimare guda. Taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, waɗanda muke dubawa da asuba in damina ta gabato, ta ce 'yan ɗaki ɗaya ne, yara ne ma a cikin taurari, kuma a hankali kowa zai kama hanyarsa.

Na ce, "Gajimaren fa?"

Ta ce, "Ya watse, Baba."

"Tauraron ba ya dawowa ya duba?"

Ta ce, "Babu inda zai dawo."

Na ce akuya ta shiga rumbu, na miƙa waya. Akuyar nan ta sha ƙarya a hannuna.

Abin da ya tona ni bakina ne. Ina da aboki a kasuwar Gaya, Babarbare mai awon hatsi, tun muna samari muke zagin juna. Wata ranar kasuwa, bazara ta yi nisa, na riga na yi binne, wato na zuba irin gero a busasshiyar ƙasa ina jiran ruwan fari, ba aikin da ya rage sai surutu. Na zauna a rumfarsa, dattawa sun cika. Sai ya ce, "Ga uban masana taurari nan! Fillo, an ce shekara uku ana ɗura maka karatu yana fita ta ƙeya. Da saniya aka koya wa, da yanzu ta buɗe makaranta."

Aka kwashe da dariya. Da na yi shiru da na tsira. Amma Babarbare ne fa ya faɗa, a gaban jama'a.

Na ce, "Bawana, miƙo faifan can."

Na watsa garin gero a kai, na ce ga gajimare. Na tattara tsakiya, na juya faifai, na kawo famfon keke, na kawo na'ura mai ganin ɗumi. Ban tsallake komai ba, har wurin da ba na so. Na hure garin ya tashi ya bar ɗan curi a tsakiya, na ce ga tauraro, gida ya watse. Wani dattijo daga Kademi ya ce, "Malam, a ina ka yi karatu?" Na ce a gindin tsamiya. Ina ta hura hanci, ban lura Babarbare ya ɗaga wayarsa mai faɗin allo yana ɗauka ba. Ya tura wa matarsa, matarsa ta tura wa mata, kafin kwana biyu abin ya haye teku.

Juma'a ta zo, aka yi la'asar, waya ba ta yi ƙara ba. Na ce wa uwarta ta duba ko caji ne. Ta ce cike take. Wata Juma'ar ma haka. Saƙo kawai ta turo wa ƙanwarta cewa suna lafiya, a gaida gida.

Uwarta ta ce, "Ka ga abin da bakinka ya ja mana. Yarinya da aikinta da ɗanta, ka sa ta shekara uku tana cura maka fura a waya."

Na ce, "Ke kin sani?"

"Tun yaushe! Duk tambayar da za ka yi sai ka juya wa mutane baya kana murmushi. Kai kaɗai ka ɗauka kana da wayo."

"To ki kira ta."

"In ce mata me? Kai ka kira."

Ta san ba zan iya ba. In kira in ce me? Kalmar da ke bakina ba a faɗa wa ɗan fari ita a gidanmu, ban ma san yadda ake jera ta ba. Na riƙa zuwa gona ina duba binne, ƙasa a bushe, sama ba hadari. In tsuguna in tona rami ɗaya in ga irin yana nan, in mayar in rufe. Na je Gaya na zagi Babarbare, ya ce shi taimakona ya yi, duniya ta san Fillo ɗaya ya yi hankali. Amma da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Za ta kira."

Juma'a ta uku ta kira. Suka gama daddawarsu, aka ce a ba Baba.

"Baba, na ga lacca."

Na ce, "Sharrin Barebari ne. Haɗa muryar aka yi."

"Babu kuskure ko ɗaya. Har faifan ka juya daidai."

Ina jin ɗanta yana buga wani abu a can.

Ta ce, "Sau biyu ina ɗaukar waya in ajiye. Na ga darasi ya ƙare, na rasa da me zan fara."

Na buɗe baki in ce Allah ya yi albarka, don shi kaɗai na iya. Sai ta riga ni.

"An ce ka yi binne bana. Ni fa, Baba, ban taɓa gane binne ba. Yaya za a zuba iri a ƙasar da ba ruwa?"

Yarinyar da tun tana shekara bakwai take bina a baya, ina sara da sungumi tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ta fi ƙannenta maza iyawa.

Na gyara zama. Na ce da farko sai ka san ƙasarka. Na faɗi zurfin rami, na faɗi yadda yayyafi kaɗan yake cutar iri, ya sa ya tsiro ya ƙone, da yadda ruwa mai yawa in ya sauka wanda ya yi binne yake riga kowa. Na ja abin har inuwar katanga ta kai bakin rijiya. Da na gama ta ce, "Ban gane ba."

Na ce, "Kanki da tauri. Ban san inda kika gado shi ba."

Yau wata biyar ke nan muna kan binne, har an yi girbi, ba ta gane ba. Zuwa gida kuwa, ta ce wataƙila baɗi, in aiki ya bari. Bara ma haka ta ce. Ni dai ina tattalin abin da ke hannuna, ba na sakinsa da yawa. Ban taɓo huɗa ba tukuna, ban taɓo ɗaurin dami ba. Ginin rumbu kuwa na ɓoye shi can ƙasa, shi kaɗai in na bi a hankali zai kai mu wata daminar.