Furen Yaya Hajara a Misfala

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da mai ɗakina da wani maƙwabcinmu, a bayan wata tsohuwar lori mai tari kamar ta sha taba. Tun da aka gama yaƙin duniya motoci suka yawaita a hanyar Makka, amma har yau raƙumi ne mai hanya. Idan ayari ya tare gaba, sai direba ya yi ta zagi da Larabci har ya gaji.

Ni dai ban iya dariya ba. Saƙo nake ɗauke da shi zuwa ga yayata Hajara, wadda ta goya ni tun daga Kano har Sudan. Wani alhaji ya tabbatar mini cewa ɗanta Ilyasu, wanda ya haye teku neman aiki shekara huɗu da suka wuce, zazzaɓi ya kashe shi a Sawakin ta ƙasar Sudan. Da alhajin aka yi jana'izar.

A Bahara muka tsaya karin kumallo: dafaffen wake da man zaitun, gurasa mai zafi, da shayi a kofi ɗan mitsitsi wanda ba ya jiƙa maƙogwaro. Ruwan sha kuwa sayensa ake yi, ga shi da gishiri-gishiri.

Kafin azahar muka shiga Makka. Muka yi ɗawafi, sannan muka gangara unguwar Misfala a ƙafa, ta lungunan da ake jin Sakkwatanci da Kananci gauraye da Larabci. Gidan Yaya ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, amma ƙamshi ne ya fara yi mana maraba. A gwangwanayen kananzir ta jera ɗaiɗoya da yasmin, ga lalle a gindin bango. Da ragowar ruwan alwalarta take shayar da su. Zafin bana ya ƙone su ƙurmus, sai yanzu da kaka ta shigo suka farfaɗo, fure fari fat.

Idanunta sun kusa tafiya, da hannu take duba su. Ta tsinko wa mai ɗakina fure, ta cusa mini wani a aljihu. Muka zauna a inuwa muna shaƙa har la'asar.

Na ce, "Yaya, ki zo mu koma Jidda, akwai likitan ido."

"Ina zan je, ɗan'uwana? Ilyasu ya zo ya tarar da ƙofa a rufe? Furannin nan ma, maƙwabta sun ce in zubar, wai sun mutu. Ga su nan."

Mai ɗakina ta kalle ni. Na buɗe baki sau uku. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kawo shi lafiya." Yaya ta ce amin da ƙarfi.

Kwana biyu muka yi, ban faɗa ba.

Yanzu mun dawo Jidda, na koma bakin sana'ata ta wanki. Abin da na koyo bai da daɗi: na ɗauka nisan hanya ne wahalar kai saƙo, ashe a bakin ƙofa take. Duk ayarin da ya tashi zuwa Makka sai in ji tsoron wani zai riga ni gaya mata, kuma wallahi wani lokacin roƙon hakan nake yi.