Majinar Agali da Wayar Caji

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da na yanke wayar cajin salulata saboda wani dattijo ba. Lokacin ina ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wani ƙaramin asibitin karkara, arewa da Tawa.

Madubin da muke ganin ƙwayoyin cuta da shi yana da 'yar fitilar LED mai cin pil uku, wato ƙananan batura. Damina ce, ruwa ya yanke hanya, pil ɗinmu sun mutu, kantin garin kuma babu ko ɗaya.

Da hantsi aka kawo wani makiyayi mai suna Agali, ya rame, yana tari har da jini. Ƙa'idar aikinmu, ba a fara maganin tarin fuka sai an ga ƙwayar cutar a majina. Ɗansa ya ce, "Likita, gobe muke tashi da bisashe zuwa arewa. Sai bayan kaka."

Na tafi wajen majo, wato shugabar asibitin. Na ce, "Hajiya, ina so in jona fitilar madubin da wayar caji. Pil uku volt huɗu da rabi suke bayarwa, USB kuma biyar. Da mai pil biyu ce da sai ta ƙone, amma wannan ina jin za ta ɗauka."

Ta ce, "In ta ƙone fa? Kayan gwamnati ne."

Na ce, "Ni zan amsa. Amma mutumin nan ba zai tafi ba a duba shi ba."

Sai ta miƙo mini almakashinta.

Na yanke wayar, na fere siraran wayoyin ciki, ja da baƙa. Jar na ɗaura inda kan pil yake taɓawa, baƙar a jikin sifirin, na jona da batirin ajiyar caji da muke cikawa da sola. Ba ta kama ba. Na kwance, na kankare tsatsa da reza, na sake ɗaurawa. Sai ga haske.

Ina leƙa majinar Agali a madubin na ga ƙwayoyin cutar, 'yan jajayen sanduna birjik.

A ranar nan Agali ya fara magani. Majo ta zauna da ɗan har ya yarda ya bar mahaifinsa wajen dangi a gari. Da suka dawo bayan kaka, da ƙafarsa Agali ya fita ya tarbi garken.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku san kayan aikinku ciki da waje, kuma ku nemi izini kafin ku taɓa su. Amma kada ku ce wa mara lafiya "babu" tun ba ku gwada ba. Wani in ya juya, ba za ku sake ganinsa ba.